Farar Ƙasa a Tafin Takalminsa

A nan Kaura Namoda an yi wani mutum ɗan wasan ƙwallon tanis. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ya tuba, kuma yana nan da ransa. Shi ya ba ni izinin in ba da labarin, da sharaɗin kada in rage komai don in rufa masa asiri. Na ga wasunku sun fara murmushi, kuna cewa yau kuma Malam ƙwallo ya kawo mana? Ku yi haƙuri ku saurara. Shaiɗan ba ya raina wuri. Duk inda ɗan Adam yake son ya yi nasara, can yake zuwa ya tsuguna yana jira.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyu ne, raga a tsakaninsu, kowa riƙe da raket, suna buga wa juna wata 'yar ƙwallo mai gashi-gashi. An zana layi kewaye da filin. In ƙwallo ta faɗi ciki, ko ta taɓa layin ko da da gefenta ne, ta shiga. In ta tsallake shi, ta fita, wanda ya bugo ta ya rasa maki. Iyakarta ke nan.

Uban mutumin nan ɗan wani ƙauye ne kusa da Banga, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Kaura. A wani tsohon fili bayan gidajen ma'aikata yaron ya fara riƙe raket. Allah ya ba shi hannu. Ya buga a Kaduna, ya buga a Legas, ya tsallaka har Yamai da Lome. Shekara goma sha biyar da wasan nan yake ci da iyalinsa. Waɗanda suka yi zamani da shi sun shaide shi da abu ɗaya: bai taɓa yin ƙarya a kan layi ba. Yana da shekara talatin da uku gwiwarsa ta dama ta ƙi. Ya dawo gida, ya rataye raket a bayan ƙofa, ya kama fartanya. Tumbi ya fito, furfura ta sauko gemu, mutane suka manta da shi.

Ana nan sai samarin Kaura da Shinkafi da Zurmi suka tada wasan. Da hannunsu suka baje jar ƙasa, suka cika ganga da siminti suna gangara ta har fili ya kwanta, suka ja layi da farar ƙasa. Suka shirya gasa shekara-shekara: a fara a Shinkafi, a wuce Zurmi, a ƙare a Kaura, wanda ya ci ya je Gusau ya wakilci yankin. Mutumin ya je kallo ran nan, ya dawo gida hannu yana masa ƙaiƙayi. Shekarunsa arba'in da biyu. Kullum in an sallame asuba sai ya bi gefen layin dogo da gudu, yana haki kamar tsohon injin niƙa. Wata huɗu yana haka, har wando ya fara zame masa.

Ranar da ya rubuta sunansa samari suka yi ta dariya. Wani ya ce, “Baba, ka dai taho da man zahi ko?” Ya yi murmushi. Da aka shiga fili dariya ta ƙare. Su yaran da ƙarfi suke bugu, kamar masu faskare. Shi kuwa sai ya ajiye ƙwallo a gindin raga, yaro ya taso a guje, sai ya ɗaga masa ita can baya. Kafin a yi awa guda yaro ya fitar da harshe, Baba ko zufa bai gama yi ba. A wasannin share fage na nan Kaura ya cinye mutum huɗu a jere. Tsofaffin garin nan da ba su san kan wasan ba suka fara zuwa da tabarminsu, don su ga sa'ansu yana wana 'yan bana.

Ya 'yan uwa, duk wannan halal ne. Da guminsa ya samu. Allah ne ya mayar masa da ƙarfi bayan rauni, ya mayar masa da suna bayan an manta da shi. Me ya fi wannan? Da ya tsaya nan ya gode, da yau labarin godiya nake ba ku.

To, ga inda gizo yake saƙa. A manyan wasanni akwai mutanen da aikinsu kawai duba layi. Mu nan ina muka ga wannan? Alƙali ɗaya ne, yana zaune gefen raga yana lissafin maki. Layin baya kuwa, kowane ɗan wasa shi ke shaida a kan nasa ɓangaren. In ya ce ta shiga, ta shiga. In ya ce waje, waje ce. Wato abokin karawarka ya damƙa maka haƙƙinsa a hannu, ya koma can nesa yana jiran abin da bakinka zai faɗa. Sannan kun san yaranmu. Mun tarbiyyantar da su a kan ba a kallon mai furfura a ce masa ƙarya yake yi.

A Shinkafi ya haɗu da wani saurayi Fahad, ɗan shekara goma sha tara, mai ƙafa kamar barewa. Bazara ce, rana tana dukan ƙeya. Awa biyu suna fafatawa, gwiwar Baba ta ɗau wuta. Fahad ya sako wata ƙwallo can kusurwa, ta sauka a kan layi sarai. Baba ya gani, ya kuma san ƙafarsa ba za ta kai ba. Kafin ya yi tunani bakinsa ya ce, “Waje!” Fahad ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi gemun nan, ya sunkuyar da kai, ya koma wurinsa.

Mutumin ya gaya mini a sallar la'asar ta ranar bai san raka'a nawa ya yi ba. Ya yi alkawari tsakaninsa da Allah ba zai sake ba. Amma ya ɗanɗana abin, ya ji da sauƙi. Gudun da zai ci masa gwiwa, kalma ɗaya ta biya masa. A Zurmi sau uku ya yi a wasa guda. Har ya ƙaro dabara. Ita ƙwallo in ta faɗi a jar ƙasa takan bar tabo. Sai ya tako kamar mai son dubawa, ya ɗora ƙafa a kan tabon, ya ɗan ja ta. Shi ke nan shaida ta goge. Zuciyarsa kuma ta samo masa fatawa: ai wasa ne, ai yaran nan suna da shekaru a gaba, kai kuwa wannan ce ta ƙarshe. Kun ji yadda ake shafa wa zunubi mai?

Ya kai wasan ƙarshe a nan Kaura. Abokin karawarsa Yazid ne, ɗan Zurmi, shekara ashirin da ɗaya. Yaron da raket ɗaya gare shi, in tsirkiya ta tsinke da hannunsa yake ɗaurewa. Shekara biyu yana bin hanyar nan da kuka san halinta don ya zo atisaye, burinsa kawai ya je Gusau a ga hannunsa. Jajibirin wasan aka yi ruwan farko, ya wanke layukan fili tas. Da safe samari suka kwaɓa farar ƙasa suka sake ja, mai kauri, ba ta kuwa gama bushewa ba aka fara.

Wasa ya yi wasa. Saura maki ɗaya Baba ya ɗauki kofi. Yazid ya tattara ƙarfinsa ya bugo, ƙwallo ta sauka a layin baya. Baba ya ce, “Waje!” Ya taka wurin, ya ja ƙafa kamar yadda ya saba, ya nufi raga hannu a miƙe, fuska cike da fara'a. Yana jiran ihu, sai ya ji tsit. Ya ga ba fuskarsa ake kallo ba, ƙasa ake kallo. Ya waiwaya. Layin ya gutsure daidai inda ya ja ƙafa. Daga nan kuma ga sawun takalminsa na dama, fari fat a kan jar ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa inda yake tsaye. Ƙwallon ma tana can gefe da farin tabo a jikinta.

Yazid ya dubi sawun, ya dubi dattijon. Ya rusuna, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, “Allah shi ƙara lahiya, Baba.” Ya ɗauki raket ɗinsa ya koma gefe. Ƙa'idar da suka kafa ta ce magana ta mai ɓangare ce, alƙali ba shi da ta cewa. Aka miƙa wa Baba kofi, ba wanda ya tafa. Tsofaffin nan suka naɗe tabarminsu suka fice. Wayoyi kuwa sun riga sun yi aikinsu. Kafin magariba hoton sawun nan ya kai har garin Galadi.

Wallahi a nan ya kamata ya ajiye kofin ya ce na yi kuskure. Girman kai ya hana shi. Ya tafi Gusau a gurbin yaron. Can akwai masu duba layi, kowane a kan kujerarsa. A wasan farko aka fitar da shi, ko awa ba a cika ba. Ya dawo ya shige gida, yana ganin in an kwana biyu za a manta.

Ya 'yan uwa, ku saurari abin da ya biyo baya, don shi ne dalilin wa'azin nan.

Mutumin yana da yaya, Hannatu, a ƙauyensu na kusa da Banga. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, da gonar da ta gada wurin mahaifinta take ciyar da su. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyen, damina uku ba wanda ya yi noma. Da Allah ya kawo sauƙi mutane suka koma, sai aka tarar gambar da aka dasa a kan iyakoki wuta ta cinye, daji ya rufe sauran. Tsakanin gonar Hannatu da ta maƙwabcinta Labbo akwai wani yanki mai kwari inda ruwa yake kwanciya, nan ne hatsi ya fi yi. Hannatu ta ce nata ne. Labbo ya ce nasa ne. Shi Labbo ba azzalumi ba ne, yana ƙarami aka yi rabon, abin da ya ji yake faɗa. Dattawan da suka halarci sa iyakar duk sun rasu. Mutum ɗaya ya rage wanda ya riƙe igiya da hannunsa ranar, yana saurayi. Kun san ko wane ne.

Aka zauna gaban mai gari, ƙasa ta jiƙe, kowa na son ya yi shuka. Aka kira ƙanen Hannatu, ya tashi zai yi magana. Labbo ya ce, “Ranka shi daɗe, ni ba ni ƙin gaskiya. Amma wanga mutum, da idona nig ga hotonai. Wanda yas share layi da ƙahwa saboda kohi, shi za ya aza mani iyakar gona? Ku kawo wani.”

Mutumin ya rantse. Ya sake rantsewa. Ya faɗi ranar, ya faɗi waɗanda suke wurin, ya faɗi inda aka kafa turke. Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ko ƙwayar ƙarya babu. Amma dattawa suka yi ta kallon ƙasa. Wa zai tsaya masa? Aka yanke cewa kada kowa ya sa iri a yankin nan sai an sami shaida. Damina ta zo ta wuce, kwarin nan ciyawa kawai ya haifa. Rumbun Hannatu bai kai rabi ba.

Da kaka ya je gaishe ta. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Tana sussuka ta ce, “Ƙanena, wasa kac ce mani kana yi. Ashe da hatsin ɗiyana kaka wasa.” Ya ce mini tun da uwarsu ta rasu bai yi kuka irin na ranar ba.

Kun gani? Shi yana tsammani bakin da yake cewa “waje” a fili daban, bakin da zai yi shaida gaban mai gari daban. Baki ɗaya ne Allah ya ba shi. Malamai sun daɗe suna gaya mana shaidar zur tana cikin manyan zunubai, muna jin kamar sai a kotu ake yin ta. A filin ƙwallo ma ana yi. Ranar da ya buƙaci a yarda da gaskiyarsa, ya tarar ya riga ya kashe ta a kan abin da bai kai ya kawo ba, marayu biyar kuma suka sha wahalar.

Bayan nan ne ya zo wurina. Ya ce yana ta istigfari amma ƙirjinsa bai sauka ba. Na ce masa istigfari yana da kyau, sai dai wannan haƙƙin mutane ne, a ƙofar gidansu ake sauke shi. Ya ce, “Malam, kunya.” Na ce kunyar da yaran nan suka ji taka ita ka mayar makami ka cuce su da ita, yanzu kai ma ɗanɗana taka. Na faɗa masa da zafi, don raina ya ɓaci. Ina cikin tsofaffin da suka je da tabarma.

Ya sa kofin a buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya kama hanyar Zurmi. Ya yi sallama a ƙofar gidan Malam Sanda, mahaifin Yazid, da hantsi, mutane suna zaune. Ya ƙi hawa tabarma. A tsaye ya ce ƙwallon nan ta shiga, ya gani da idonsa, ƙarya ya yi, ga kofi. Yazid ya ce, “Baba, ni na yahe tun rannan.” Amma tafiyar Gusau ta waccan shekara ta wuce, ba a sa ta a buhu a mayar. Daga nan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. A Shinkafi ya tarar Fahad ya bar wasan gaba ɗaya, ya ce in manya haka suke yi, shi ba ya so. Bai yafe ranar ba. Sau uku dattijon yana komawa kafin yaron ya ba shi hannu, ya kuma ɗauko raket ɗinsa daga ƙarƙashin gado.

Da shekara ta zagayo ya sake rubuta sunansa, yana da arba'in da uku. Wasu suka ce ba shi da kunya. Yana shiga fili ana ce masa a duba takalmi. Ya haɗiye. Duk ƙwallon da ta faɗi kusa da layi sai ya ja da baya, ya sa hannu a baya, ya kira abokin karawarsa ya zo ya gani da kansa. Maki da yawa sun tafi ta haka, gwiwa kuma ta sha gudun da a bara baki yake ɗauke mata. Kuma ku ji ikon Allah: da hannun nan nasa, ba ƙarya ko ɗaya, ya ratsa Shinkafi, ya ratsa Zurmi, ya sake kai wasan ƙarshe. Ashe tun farko bai buƙaci ƙaryar ba. Wanda ya tarar yana jiransa kuwa Yazid ne.

Wannan karon Yazid ne ke neman maki ɗaya ya ci. Ya bugo ta da ƙarfi can baya. 'Yan kallo suka ce waje. Shi kansa Yazid ya juya yana girgiza kai, ya ɗauka ta fita. Ba wanda zai zargi Baba in ya yi shiru. Ya matso, ya tsaya nesa da tabon, ya sunkuya. Gefen tabon ya taɓa layi, abin da bai fi ƙwayar gero ba. Ya miƙe ya ɗaga hannu ya ce, “Ta shiga. Yaro ya ci.”

Ina wurin. Ban taɓa jin an yi wa wanda aka cinye tafi irin na ranar ba. A cikin taron akwai wani mutum da bai san ko yadda ake lissafin wasan ba, ya taso tun daga ƙauye don ya ga abu ɗaya. Labbo ne. Bayan kwana biyu ya aiko: a gaya wa ƙanen Hannatu ya zo ya nuna iyaka, duk inda ya aza ya yarda.

Ya je, ya ɗauki fartanya, mai gari da dattawa suna biye. Ya fara daga tsohon suri ya ja layi har bakin ƙorama. Kwarin ya faɗa ɓangaren Hannatu. Amma akwai wata ɗorawa da Hannatu ta shekara ashirin tana tsinkar kalwarta tana daddawa, kowa ya ɗauka tata ce. Layin ya bi ta gabanta ya bar ta a gonar Labbo. Ba wanda ya sani sai shi, taku biyu kawai zai karkata. Hannatu ta dube shi. Ya ce, “Yaya, haka mahaihinmu yab bar ta.” Ta ce to. Labbo ya ce ta ci gaba da tsinkar kalwarta muddin yana raye. A ranar suka dasa sabuwar gamba, da aka yi ruwa kowa ya shuka nasa. Bana na ci tuwon geron kwarin nan a gidan mutumin.

Ya 'yan uwa, kowa a cikinmu akwai layin da aka bar masa ya yi shaida a kai, inda ba mai gani sai shi da Allah. Mai awo a kasuwa ya san nasa. Magini ya san abin da ya rufe da yaɓe. Ku kuma dattawa 'yan uwana, da ku nake musamman. In yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru, ba wai bai gani ba ne. Ya gani sarai, tarbiyyar da muka ba shi ce ta rufe masa baki. Wanda ya fake da furfurarsa ya ci haƙƙin yaro, laifi biyu ya yi: ya cuce shi, ya kuma koya masa cewa girmama manya asara ce. Shi mutumin nan Allah ya so shi da rahama, ya tona shi tun a duniya da 'yar farar ƙasa. Mu da namu sawun bai fito ba tukuna, muna tsammani ba a rubuta ba ne?

Wanda kuma ya riga ya taka, kada ya ce ya makara. Mutumin nan ya haura arba'in ya gyara gwiwarsa a gefen dogo, ya kuma gyara sunansa a ƙofar gidajen yaran da ya isa ya haifa. Na biyun ya fi ciwo, amma ya yiwu. Yau in gardamar iyaka ta tashi a ƙauyukan nan, shi ake aika wa babur. Tashi ka je tun mai haƙƙin yana da rai, kai ma kana da naka.

Allah ya kiyaye mu daga shaidar zur, ƙaramarta da babbarta. Allah ya tsare harsunanmu a inda ba mai ganinmu. Ya ba mu ƙarfin halin mayar da haƙƙi ga masu shi, ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, ya sa mu cika da gaskiya a bakinmu. Amin.